Koci Ya Ba da 'Yan Benci Huɗu

A Ƙofar Kibo wasu mutum biyu suna jiran Keke Napep. Mai jar hula sai duba agogo yake yi.

"Filin ƙwallo za ka?" in ji ɗayan, wani magidanci mai tumbi. "Kada ka wahalar da kanka, yau Gyallesu za ta lallasa mu. Wane irin koci ne zai ba su 'yan benci huɗu don ɗan gaba guda?"

"Ai Suhail ɗin da aka karɓo ya fi namu gudu."

"Da taku nawa? Huɗun nan 'yan cikin ganuwa ne, ko yanzu ka aika za su zo. Sauran kuwa rabinsu 'yan ƙauye ne. Kowa ya san da kaka ta yi, gida suke tafiya girbin masara."

"An ɗauka damina za ta ja."

"Wa ya ɗauka?"

Mai jar hula ya sake duba agogo.

"'Yan wasa goma suka rage mini, Suhail kuma ɗingishi yake." Ya dubi ƙafafun mutumin. "Malam, lamba nawa kake sawa a takalmi?"