Kitsen da Ba a Gani a Madubi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne a unguwar Briqueterie. Don Allah ka karanta wannan a hankali, yayana yana saurare.

Bara ciwon zuciya ya kwantar da ni. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jinina, wato kolesterol, shi ke toshe hanyoyin jini. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, ya ce kada in daina. Da na koma shago abokai suka yi ta dariya: "Kai da wando ke zame maka, ina ka ajiye kitsen?" Na dubi hannuwana, na ce gaskiyarsu. Na watsar da maganin, na koma cin soya, wato tsire, mai kitse.

Bayan wata huɗu, ina cikin taksi za ni kasuwar Mokolo sayen yadi, sai na ji kamar an ɗora mini keken ɗinki a ƙirji. Gumi ya karyo mini, hannun hagu ya mutu, ga hanya ta cushe. Matar da ke kusa da ni tana ihu da Faransanci a ba mu hanya, ni ina kalmar shahada.

Da na farfaɗo a asibiti likita ya ce, "Malam, wannan kitsen ba a ganinsa a madubi."

Yanzu yayana, mai irin ciwona, ya ajiye maganinsa, wai ai ya rame. Jama'a, yaya zan yi da shi? Kai yayana, na fi ka rama, kuma ni aka shigar asibiti ranga-ranga.