Hamma a Tashar Faskari

Kun sha ganin mutum da jan ido kuka kau da kai. Ni ma na yi, a tashar Faskari, muna jiran motar Funtuwa ta cika. Wata dattijuwa ce ta tanka wa wani mai jan ido da ke hamma a kan benci.

"Malam, hammar nan ta yi yawa."

"Hajiya, kumburin hanji ne. Tsakanin gado da bayi nake kwana, har na fi buta sanin hanya. Ko cikin ya lafa, barci ba ya zuwa."

"Irin nawa ke nan. Ka je asibiti?"

"Na roƙi ƙwayar barci, likita ta ba ni wa'azi. Wai in bar barcin rana, in riƙa tashi lokaci ɗaya, in barci ya ƙi in sauka daga gado sai ya zo."

"Ni ma dariya na yi. Da na bi, ga ni nan sai ladan ke tashe ni. Maganin hanjin kuma ban daina ba."

"Barcin ranar ne ba ya baruwa. Shi ke kama ni, ko ina tuƙi."

"Tuƙin me?"

"Waccan motar da kayanki ke ciki."

Hajiya ta sa aka sauke buhunta. Ni kuwa, mai yawan rubuta wa jama'a gyaran hali, na shige gidan gaba ina addu'a har Funtuwa. Kada ku yi irin nawa. Ku tambayi direbanku ko ya yi barci. In bai yi ba, ku sauka, ku tura shi wurin likita.