Kujera Ɗaya Kusa da Madubi

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malaman sashe, ma'aikatan ɗakin gwaji, ɗalibai, da iyayena maza da mata da kuka zo sallamar Baba, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake ban saba magana a gaban mutum fiye da uku ba.

Abu uku zan faɗa. Na farko, aikinsa. Shekara ashirin da shida Baba yana ɗora ƙurar ma'adini tsakanin daimon biyu, ƙurar da ko an jera ƙwayarta dubu ba ta kai kaurin gashi ba, sannan ya murɗa sukurori a hankali har matsin ya kai irin na can cikin ƙasa. Ina zaune a kusurwa bayan an tashi makaranta, littafin soyayya ɓoye cikin na lissafi, ya fahimtar da ni cewa ƙwayoyin zarra sukan sake jeri idan matsi ya yi yawa, cewa 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙurar nan sau da yawa sun fi babban dutse jurewa kafin su sauya, wasu kuma ko an sassauta ba sa komawa yadda suke.

Na biyu, yadda yake yi. Allura ta yi masa kauri, don haka gashin ido yake mannawa a kan tsinke ya tura ƙurar. Gashin idon kuwa nawa ne. Yakan ce, "Auta, rage kukan littattafan nan, kina jiƙa mini kayan aiki."

Na uku shi ne mai nauyin. Bara hannunsa ya fara rawa, daimon ɗaya ya tsage. Ba wanda ya yi masa faɗa, shi da kansa ya rubuta takardar ajiye aiki. Wata biyu ke nan, kullum da safe sai ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dawo ya cire.

Jama'a, hannun ne ya gaji, idon bai gaji ba. Ina roƙonku ku bar masa kujera ɗaya kusa da madubin ƙara girma da yake duba ƙurar da shi, rana ɗaya a mako, yana kallo yana faɗa, ɗalibai suna murɗawa. Ya gargaɗe ni kada in roƙa. Baba, ka yafe mini, na riga na yi.

Allah ya ƙara masa lafiya, Allah ya tausasa zukatan masu yanke shawara, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.