Na'urar Zayyanu Tana Neman Ɗakin Sanyi

Shugaban ƙungiyar masu ɗakunan sanyi, Alhaji Illo. Malamanmu masu daraja. Iyayenmu mata masu sana'ar kifi da nama. Jama'ar da ta taru: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da kuka ba ni wuri, ko da yake ba ni ya kamata in tsaya nan ba. Wurin abokin aikina ne a jami'a, Dakta Zayyanu, wanda Allah ya yi wa rasuwa a daminar bana. Shi ne mai magana, ni mai duba ma'auni ne.

Na farko, matsalar. Idan aka jibge nama ko kifi da yawa a ɗakin sanyi, a hankali yake daskarewa, ruwan jikinsa ya zama manyan tsinkayen ƙanƙara masu yayyaga tsoka daga ciki. Ranar da aka narkar, ruwa ya zube, kifi ya yi laɓo-laɓo, mai saye ya danna da yatsa ya wuce.

Na biyu, abin da marigayin ya ƙera. Na'ura ce mai aika igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda ido ba ya gani, cikin nama yayin da yake daskarewa, ta ɗan ɗumama shi, ta tsaya, ta sake, domin ƙanƙarar ta fito ƙanana. Ban ce za ta hana ɗauke wuta ba. Ban ce za ta gyara abin da ya riga ya lalace ba. A kan ƙananan yanka mun ga amfaninta. A kan babban kaya ba mu sani ba, domin ba mu da ɗakin da za mu gwada.

Marigayin ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana neman ɗakin sanyi. A Gidan Igwai wani dattijo ya ce masa, "Dakta, zafi za ka kawo muna? A Sakkwato? Ai wanga kyauta muke samu nai!" Zayyanu ya yi dariya har da hawaye, ya amsa, "Baba, da Sallah mu ke jera raguna a bakin wuta don nama ya daɗe. Yaushe muka fara tsoron zafi?" Aka rabu da raha, ba a ba shi ɗaki ba. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya kwana yana sauraron janareta ba zai so jin sunan zafi ba.

Na uku, roƙona. Bayan Sallah za a karɓi ɗakin jami'a da na'urar take ciki, a ba wani bincike. Matarsa, Malama Maimunat, da ke zaune can, ta tambaye ni ranar ta'aziyya, "Malam Sa'ad, za a sake kunna ta kuwa?" Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku yau. Ina roƙon ɗaki ɗaya, kusurwa ɗaya ma ta isa, mu kawo kifinmu, kada a taɓa naku. Idan an samu, za mu faɗa muku sakamakon, mai daɗi ko marar daɗi. Idan ba a samu ba, da hannuna zan kwance ta, domin ba zan iya kallon wani yana yi ba.

Allah ya jiƙan Zayyanu, ya raya 'ya'yansa. Allah ya tsare muku kayanku, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.