Ashe Muna Da Jirage?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Sabo, mai gadin wani kamfanin roba a Sharada. Boko ya kore ni tun firamare, a yi haƙuri da rubutun.

Ranar Asabar sojojin sama suka yi wasan jirage. Na fito da mahaifiyata ta gani, don tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu suka tafi da ƙanena Habu, ba ta ƙara dariya ba. Jirage na alkafura suna fesa hayaƙi, ni da 'ya'yana muna tafi, har ina cika baki wai da na yi karatu ni zan tuƙa.

Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Sabo, ashe muna da su?"

Na ce, "Ƙwarai, Inna."

Ta ce, "To in sun gama wasan, ka gaya musu dajin da Habu yake."

Malam, ni da ko adaidaita ba ta cika tsaya mini ba, ina zan tsayar da jirgi? Kullum na dawo aiki sai ta tambaya ko na gaya musu. Masu sauraro, don Allah me zan ce mata?