Unguwar Baƙi a Wata Duniya

Ana gab da zaɓen farar hula, Malam Maje ya fake wa rana a rumfar wani mai kaset ɗin bidiyo a Kasuwar Sabon Gari, ya tsura wa talabijin ido.

"Waɗannan masu ido ukun fa?"

"Mutanen wata duniya ne, Malam," in ji mai rumfar, Tochukwu. "'Yan Adam suka je musu a kumbo, sai masu ido ukun suka yanka musu unguwa a bayan gari."

"Sun san darajar baƙo. Yaushe baƙin za su koma gida?"

"Har jikoki sun yi a can."

"To ai sun zama 'yan gari."

"Su ma haka suka zata, sai da ɗayansu ya fito takarar kansila."

"Ya ci?"

"Tambayarsa aka yi yaushe zai koma gida."

Malam Maje ya leƙa waje, ya ce ashe rana ta yi sauƙi, ya wuce.