Sunan da Nana Ta Rubuta a Jikin Rumbu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sani ne daga Kurawa, sarkin tsokana, amma yau jikina ya yi sanyi.

Taubashiyata Nana, ɗiyar kawuna, bana ta shiga firamare. Rannan ta rubuta sunanta da gawayi a jikin rumbu, ta jawo ni da murna: "Yaya Sani, daidai ne?" Na ce, "Wannan? Ko akuyarmu ta fi ki iyawa!" Ta goge shi da bakin zanenta. Tun ranar ta ƙi taɓa fensir.

Malam, ni allo kaɗai na yi. Yaya za ni lallashe ta? Nana, in kina saurare, wallahi ban iya karanta boko ba. Dawo ki rubuta, ki koya mini.